Ƙulli Biyu a Kunnen Hagu

Ni ne mai basilla a Tudun Hatsi,
shekara ashirin ina rufe bakin buhu a Gombe.
Duk wanda ya bi ta hannuna na san shi:
ƙulli biyu a kunnen hagu, ɗaya a dama.

Wata Laraba, ana shirin la'asar,
motoci biyu suka ja birki ƙofar siton Bappa Giɗaɗo.
Ba sallama. Aka ce, "Ɓoyo ne, a kwashe."
Bappa ya ce, "Ina takarda?"
Aka gyara rataya bindiga,
ita ce takardar, ita ce hatimi, ita ce amsa.

Ba wanda ya fito da biro,
sai na tsaya ina ƙirgawa da leɓe:
masara saba'in, dawa talatin da biyu,
wake goma sha biyar.
Ɗari da sha bakwai suka hau mota.

Ba zan ɓoye ba, wani gefen zuciyata ya yi murna.
Ni ma da mudu nake saye,
na san yadda tukunya ke kallon mutum da magariba.
Na ce, bari masu sito su ɗanɗana.

Sai da dare na tuna:
uku daga waken nan na Adda Dija ne mai ƙosai,
kuɗin adashinta na shekara.
Shida na wani manomi ne daga Kwami
da ya ajiye don haihuwar matarsa.
Mota ba ta tambayi sunan kowa ba.

Kaltume Jalo ce ta ɗauki ƙarar,
'yar mai awo, da ƙaiƙayi a kai ta girma.
Ta sa baƙar riga ta tsaya gaban alƙali
ta yi magana kamar tana rumfar ubanta:
"Hukuma tana da hannu, ba mu musa ba,
amma doka ce ta auna tsawonsa.
In zargi ne, a kawo mutum a ji ta bakinsa,
kotu ta ba da izini kafin a taɓa ƙofarsa.
In buƙatar jama'a ce, a nuna dokar,
a ƙirga, a rubuta, a biya diyya ba jinkiri.
Iko ma mudu ne, ranka ya daɗe,
yana da baki.
Abin da ya haura baki na mai hatsi ne."

Lauyan gwamnati ya ce akwai yunwa a gari.
Gaskiya ya faɗa, cikina ma shaida ne.
Alƙali ya ce, "Yunwa dalili ce ta yin doka,
ba ta zama lasisin tsallake ta ba."

Aka kira ni. Gwiwata na rawa.
"Yaya aka yi ka san adadi?"
Na ce, "A duba kunnuwansu."
Aka yi dariya, har da ɗan sandan ƙofa,
amma magatakarda ya rubuta.

Bayan wata biyar motar ta dawo.
Casa'in da huɗu na sauke.
Wasu da ɗinkin da ba nawa ba,
zaren leda, cikinsu ya faɗa kamar na mai jinya.
Na soka basilla a waken Adda Dija,
gari ya zubo, ƙwari suka watse a tabarma.

Sauran, an ce za a biya.
Takardar na aljihun Bappa, ta fara yagewa a ninki.
Mudu bai sauko ba ko da naira.
Adda Dija na karɓar wake bashi, tiya-tiya.

Yanzu in na ƙulle buhu
sai in kira ɗana Hammadu da littafinsa,
ya sa suna, ya sa rana, ya sa lamba.
Jiya ya tambaye ni wa zai karanta.
Na ce ya rubuta dai, ya miƙo min zare.